Na-Sani Ya Buɗe Makaranta a Falo

Ga ta nan, ga ta nanku, na tsaye ya nemi wurin zama.

Ta zo mu ji ta, mun ba ta kunnuwanmu aro.

An yi wani mutum mai gyaran fanka da rediyo, yana da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani gidan haya mai hawa uku, shi da iyalinsa kuma suna zaune a hawan ƙarshe. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai hana shi. Fankar da ta shekara biyu ba ta motsa ba, in ya taɓa ta sai ta cire maka hula. Bakinsa ne matsalar. Ba ka isa ka kai ƙarshen zance a gabansa ba. Da ka ce, "Jiya na ji an ce," zai tare ka da "Ai na sani." Tun ana kiransa Na-Sani a bayan ido har aka koma kira a gaban ido. Shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi, ya sa aka rubuta masa a allon shago.

'Ya'yansa huɗu. Akwai Babba, 'yar shekara goma sha biyu, yarinya mai natsuwa da ba ta rabo da biro a bayan kunne. Sai tagwaye maza da mutanen gidan suka laƙaba wa Guduma da Ƙusa, don duk inda aka ji ƙara, to ɗaya ne ya sauka a kan ɗaya. Sai Auta, 'yar shekara shida, wadda ta san baƙaƙe ɗaya-ɗaya, amma da zarar sun haɗu a kalma sai su zame mata baƙi. Uwarsu tela ce, kekenta na bakin taga. Mace ce mai ƙarancin magana, irin wadda in ta yi shiru sai ka fara binciken laifinka.

Ran nan Guduma ya dawo daga makaranta da aikin lissafi, an zabga masa ƙaton sifiri da jan biro. Abin da malamin bai sani ba, Na-Sani ne ya yi aikin da hannunsa, bayan ya ture yaron gefe yana cewa, "Matsa ka ga yadda manya ke yi."

Washegari da safe, lokacin da iyaye suka cika ƙofar makaranta, Na-Sani ya tare Hedimasta da takardar a hannu.

"Hedimasta, wannan sifirin na wane ne?"

"Na mai aikin ne."

"To mai aikin ya fi mai dubawar sani."

Hedimasta, dattijo mai sanƙo da sanyin murya, ya gyara tabarau ya duba takardar sama da ƙasa. Ya ce, "Rubutun dai na manya ne. Kuskuren ne na yara."

Iyaye suka kwashe da dariya. Wata mata har da riƙe ƙarfen ƙofa. Na-Sani ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, nan take ya ɗaga murya ya ce ya cire 'ya'yansa duka huɗu, a gida zai koyar da su, kuma abin da makarantar nan ke yi a shekara shida shi a zango ɗaya zai gama.

"Allah ya ba da sa'a," in ji Hedimasta. "Zan ajiye musu kujerunsu har ƙarshen zango. In ka dawo da su, ƙofa a buɗe take. Sharaɗi ɗaya ne. A nan inda kake tsaye, a gaban iyayen nan, za ka ce, 'Ban sani ba.' Kalma uku kacal."

"Sai dai a ji a bakin gawata," in ji Na-Sani, ya tasa 'ya'yansa gaba.

Da uwar yara ta ji labari, ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba sai da ta kai ƙarshen ɗinkin. Ta cije zare ta ce, "To. Ana gobe ƙarshen zango Yaya Malama za ta zo ta gwada su. In sun ci, makarantarka ta ci gaba. In sun faɗi, ka san hanyar ƙofar nan, ka kuma san kalmomin."

Yaya Malama kuwa yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta yi goyonsa, ta kuma shekara talatin tana koyarwa. Yara na kiranta Gwaggo. Duk duniya ita kaɗai ce in tana magana Na-Sani ke haɗiye "ai na sani" ɗinsa ya bar ta ta gama.

Aka ture kujerun falo, aka shafa wa ƙofar kabad baƙin fenti ta zama allo, aka rataye murfin tukunya ya zama ƙararrawa. Na-Sani ya sa rigarsa ta zuwa biki ya tsaya gaban ɗalibai.

"A can ana karanta muku tarihi. A nan za ku shiga cikinsa da ƙafarku. Daga yau har kwana uku muna zamanin mutanen kogo. Ba lantarki, ba ashana, ba cokali. Duk abin da mutumin kogo bai sani ba, mu ma ba mu san shi ba."

Yara suka yi tsalle. Babba ta ciro biro ta rubuta dokar, sannan ta tuna mutumin kogo ba shi da biro, ta ajiye. Tagwaye suka kifa tebur suka lulluɓe shi da bargo, kogo ya samu. Na-Sani ya ɗauko itace biyu ya durƙusa a baranda yana murzawa don ya nuna musu yadda ake haifar wuta. Ya murza, ya murza, gumi ya jiƙa rigar biki, tafin hannu ya yi bororo, itace ko ɗumi bai yi ba.

"Baba, ko sun yi sanyi ne?" in ji Auta.

"Ai na sani. Ku juya baya, wuta ba ta son ido."

Suka juya. Sai suka ji ƙyas.

"Baba, wannan ƙarar ashana ce," in ji Ƙusa.

"Ƙashin gwiwata ne."

Aka caje shi, aka sami kwalin ashana a safa. Kotun kogo ta zauna a ƙarƙashin tebur, Babba ce alƙali, aka yanke hukuncin ƙwace masa waya, agogo da tabarau, tunda duk ba na zamanin ba ne. Yana cikin laluben hanyar banɗaki sai ya ji gidan gaba ɗaya ya yi tsit, sannan ihu ya tashi daga ƙasa. Ashe Guduma ya lura cewa maƙwabta na karya doka, ya sauka gindin matakala ya kashe babban makunnin wutar gidan duka.

Direba, da ke hawan ƙasa, yana kallon ƙwallo, ana shirin buga fanareti akwatin talabijin ɗinsa ya mutu. Nas, da ke hawa na biyu, ta goge hannu ɗaya na farar rigar aikinta, ɗayan na nan a cukurkuɗe. Kaka, tsohuwar da ta mallaki gidan, ta fito da sanda tana tambayar wanda ya mutu.

"Tarihi muke yi," in ji Na-Sani daga sama, yana magana da sandar shanyar kaya don ya ɗauka Direba ne.

"Ina nan ta hagunka," in ji Direba. "In kogo kake so, ga daji can, zan kai ka kyauta, har da kayanka."

Nas ta ɗaga rigar. "Dubi nan. In je asibiti rabi mutum rabi tsumma?"

"Mutanen da ba su san guga ba, kuma sun rayu."

"Sun rayu shekara nawa? Zo in yi maka allura irin ta zamaninsu, da ƙaya."

Zamanin kogo ya ƙare a yini ɗaya. Na-Sani ya ce dama haka tarihi yake, wani zamanin gajere ne.

Aka shiga kimiyya. Ya rubuta a ƙofar kabad da manyan baƙaƙe: KADA KA YARDA SAI KA GWADA. Darasin farko shi ne abin da ke nutsewa da abin da ke yawo a kan ruwa. Ya cika bokiti, aka jefa cokali, aka jefa murfin kwalba, aka jefa lemo. Sai ga mai fanka ya zo karɓar kayansa, Na-Sani ya sauka shago, ya bar musu umarni su ci gaba da bincike, su faɗaɗa shi.

Tagwaye suka dubi bokiti suka ga ya yi wa ilimi kaɗan. A saman rufin gidan kuwa akwai tankin da ke ba kowa ruwa. Babba ta riƙe littafi tana rubuta sakamako. Takalmin Baba na dama, yana yawo. Na hagu, da aka cika shi da tsakuwa, ya nutse. Ƙwallo, tana yawo. Makullin shago, ya nutse. Sabulu sanda uku, sun nutse. Garin sabulun wanki leda guda, ya ɓace, ba a san matsayinsa ba.

An san matsayinsa da la'asar. Direba ya buɗe famfo zai dafa shayi, kumfa ta cika butar ta gangaro ƙasa. Kaka ta kurkure baki, ta buɗe shi za ta yi salati sai ga ƙwan kumfa ya fito ya tashi sama. Tsakar gida ta yi fari fat, yaran unguwa suka shigo suna sulu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na-Sani ya kai magariba a kan rufi, a tsakiyarsa sosai, nesa da gefe, yana kwarfe tanki da bokiti, maƙwabta na ƙasa suna ba shi shawara.

"Malam, wane darasi ne wannan?" in ji Direba.

"Tsafta."

"To mun haddace. Cikina ma ya fita tas."

Bayan wannan Na-Sani ya ga gara a koma abin da ba ya jiƙa kowa. Karatu. Dama Auta ce abin tsoronsa, don ya san Yaya Malama da ita za ta fara. Ya sayo takardu da gam ya ce duk abin da ke gidan a rubuta sunansa a manna masa. Aka manna wa ƙofa ƘOFA, aka manna wa buta BUTA, har kyanwar Kaka ta kwana biyu tana yawo da KYANWA a gadon baya. Abin mamaki, dabarar ta ci. Auta ta riƙa bin kaya da yatsa tana haɗa baƙaƙe, bu da ta, buta, tana dariya kamar ta tsinci kuɗi.

Da kayan ɗaki suka ƙare, Babba ta leƙa shago. Uban na cikin rediyo har wuya.

"Baba, mutane fa?"

"Komai na ce."

"Wane suna za mu sa musu?"

"Sunan da kuka ji ana kiran abu da shi a gidanmu, shi ne sunansa. Kada ki dame ni."

Da yamma Kaka ta dawo daga unguwa ta ga takarda a ƙofarta. Ba ta zo da tabarau ba, ga Auta a matakala.

"Zo nan, 'yar albarka. An ce kin fara karatu. Me aka rubuta mini?"

Auta ta sa yatsa, ta tattara hankalinta duka. "Re, di, yo. Rediyo. Mai. Ji, ni. Rediyo mai jini." Ta ɗago ido tana haske. "Kaka, na karanta duka, ba wanda ya taya ni."

"Madalla. Wa ya ce a rubuta haka?"

"Baba ne ke faɗa, Yaya ta rubuta, ni na karanta."

Kaka ta kama hannunta suka bi ƙofa-ƙofa. A ta Direba, Auta ta karanta SARKIN MINSHARI. A ta Nas ta karanta ALLURA BA IMANI, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Kafin a jima duk sun hallara a bakin shago, kowa da takardarsa a hannu.

"Rediyo mai jini, ko?" in ji Kaka. "Ni da na ba ka ƙarƙashin matakala lokacin da ko sukudireba ba ka da ita?"

"Kaka, ai yabo ne. Rediyo abin daraja ne, ni da shi nake ci."

"To zo ka gyara ni."

"Ni minsharina ya taɓa hawa bene?" in ji Direba.

"Yana hawa," in ji Nas. "Wannan kam gaskiya ya faɗa. Tawa ce ƙarya."

"Taki ce ƙarya? Ni da na kwana uku ina tuƙi a tsaye bayan allurarki?"

Suka kaure da junansu, Na-Sani ya sulale ya haye sama. Ya sami uwar yara ta kifa kai a kan keke, kafaɗunta na rawa. Ya ce kuka take yi? Ta ce a'a, zare ne ya shige mata ido.

Saura mako uku zango ya ƙare. Na-Sani ya yi tunani ya ga abin da zai rufe bakin kowa shi ne babban aiki guda, mai nauyi, wanda za a karanta a gaban jama'a. Ya tara ɗalibai.

"Za ku rubuta tarihin wani babban mutum. Ba sai kun je nesa ba. Wani lokacin babban mutum na nan kusa da ku, yana shan shayi." Ya kurɓi shayi.

Ya ba su labarinsa tun daga haihuwa. Yadda bai taɓa zuwa na biyu a aji ba. Yadda ya hau hasumiyar gidan rediyo ana iska ya canja fitilar da ke ƙololuwa, da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da hula. Yadda uwarsu ta gan shi sau ɗaya ta kasa cin abinci har mako. Babba ta rubuta duka. Don ya ƙara wa abin kwarjini, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kuma ku sani, masanin tarihi na gaskiya ba ya karɓar magana sai ya ji ta daga bakin shaidu. A nemi shaidu, a rubuta abin da suka ce, ba ƙari ba ragi."

Shi ya faɗa ne don jimlar ta yi masa daɗi a baki. Babba kuwa ta ja mata layi biyu. Kwana da kwanaki yara na fita da littafi suna dawowa, maƙwabta kuma suka koma gaishe shi da fara'a irin wadda bai saba gani ba. Direba har shayi ya aiko masa.

Ranar gwaji aka share tsakar gida, aka jera benci. Gwaggo ta iso da jaka da jan biro, ta zauna a tsakiya. Kaka da Nas da Direba suka zauna a gaba, 'yan unguwa suka cika baya har bakin titi. Gwaggo ta fara da lissafi, tagwaye suka amsa, don auna sabulu da tsakuwa ya koya musu fiye da yadda aka yi niyya. Ta yi 'yan rubuce-rubuce.

Sai kimiyya. Na-Sani ya ɗaura tsofaffin wilin keke biyu, ɗaya a ƙarfen barandarsu can sama, ɗaya a jikin wani ƙaton bahon wanki, ya zarga igiya a tsakaninsu. Ya yi bayani cewa da wannan dabara yaro ƙarami zai ɗaga abin da ya fi shi nauyi. Ya ce Ƙusa ya shiga baho.

"Ba ɗan da zai shiga wannan abin," in ji Gwaggo.

"To a sa buhun shinkafa."

"Buhu kuma?" in ji Direba. "Ga mutumin da ya hau hasumiya da hannu ɗaya? Baho ai wurin hutawarsa ne."

Jama'a suka ce haka ne. Na-Sani ya dubi baranda, ya dubi baho, ya dubi yayarsa. Ya shiga ya naɗe ƙafa, ya raɗa wa tagwaye cewa iya gwiwa kawai za su ɗaga shi. Tagwaye suka ja, baho ya tashi, aka yi tafi. Daɗin tafi ya kwashe su suka ƙara ja. Direba ya ce bari ya sa musu albarka, ya kama igiya da hannuwan nan nasa na juya sitiyari. Baho ya wuce ƙofa, ya wuce igiyar shanya ya tafi da zanen Kaka, ya kai daidai tagar Nas. Nan igiya ta zame daga kan wili ta cije. Ba sama, ba ƙasa. Baho ya shiga juyawa a hankali, yana nuna wa jama'a fuskar Na-Sani, sannan ƙeyarsa, sannan fuskarsa.

"Lafiya dai, ƙanena?" in ji Gwaggo.

"Lafiya lau. Cikin darasin ne." Muryar ta fito siririya kamar ta sauro.

Aka aika a aro dogon tsani a wurin masu fenti. Gwaggo ta duba agogo ta ce ba za a zauna banza ba, a kawo tarihi, kuma Auta ce za ta karanta. Auta ta hau kan benci da littafi, ta sa yatsa.

"Tarihin Babanmu. Babi na ɗaya. Baba ya ce bai taɓa zuwa na biyu a aji ba. Shaida na farko, Kawu Direba, ajinsu ɗaya. Ya ce gaskiya ne, bai taɓa zuwa na biyu ba. Su arba'in da biyu ne. Kawu Direba na arba'in da ɗaya. Ya ce shi ya sa yake ƙaunar Baba, don shi kaɗai ya hana shi zama na ƙarshe."

"A tsallake wannan babin," in ji baho.

"Shaida ta biyu, Gwaggo. Ta nuna mana takardar sakamako. Malamin ya rubuta, 'Yana da baki.'"

Tsakar gida ta rikice. Nas ta zame daga benci. Auta ta jira aka lafa, don an koya mata mai karatu ba ya gaggawa.

"Babi na biyu, hasumiya. Mun je gidan rediyo. Mai gadi ya ce shekararsa ashirin a wurin, ya san Baba, ya taɓa zuwa gyaran fankar ɗakin gadi. Shaida ta biyu, Kaka. Ta ce ta taɓa sa Baba ya canja ƙwan fitilar matakala. A taki na uku na tsani ya rungume bango yana kiran sunan mahaifiyarsa. Kaka ta sauko da shi ta hau da kanta."

"Da ciwon gwiwata," in ji Kaka, tana juyawa don na baya su ji.

"Auta, 'yar Baba," in ji Na-Sani, idanu a rufe, hannu biyu a bakin baho, "rufe littafin nan, zan saya miki alawa."

"Baba, kai ka ce ba ƙari ba ragi. Babi na uku. Baba ya ce Mama ta gan shi ta kasa cin abinci. Mama ta ce tana cin abincinta. Ta ce Baba ya zo gyaran fankar gidansu sau bakwai a wata ɗaya, kullum in ya gyara sai ya sassauta wani abu don a sake kiransa. Kakanmu ya gane, ya ce a ba shi ita kafin ya ƙone gidan. Mun tambayi Mama ko ta yi nadama. Ta ce a'a, har yau in ya shigo ɗaki iska na zagayawa."

Mata suka yi shewa. Uwar yara ta ja mayafi ta rufe fuska. Baho ya juyo da Na-Sani, aka ga ya buɗe ido ɗaya.

Gwaggo ta rufe biro ta miƙe. "Na shekara talatin ina koyarwa. Yarinyar da wata uku baya ba ta haɗa baƙi biyu, yau ta karanta shafi huɗu a gaban jama'a. Waɗannan sun san a gwada kafin a yarda, sun san a nemi shaida ko a kan ubansu ne. Sun ci. Ƙanena, makarantarka ta ci gaba."

Aka ɗauki tafi. Yara suka rungume juna suna tsalle. Uwarsu ta ɗaga kai ta ce, "Alkawari kaya ne, Baban Babba. Ka yi nasara. Sai sabon zango."

Babba ta riga ta buɗe sabon shafi. "Baba, mun tsara. Akwai littafi na biyu, Gwaggo ta ce ba a ma taɓo zamanin fitsarin kwance ba. A kimiyya za mu yi jikin ɗan Adam, Anti Nas za ta ara mana allura, kai ne abin gwaji."

"Mu kuma za mu yi lantarki," in ji Guduma.

"Da tashi sama," in ji Ƙusa. "Tunda ka saba."

Na-Sani ya leƙo ta bakin baho, ya ga ƙasa, ya mayar da kai. Can aka ji muryarsa. "Yaya, don Allah tuna mini. Hedimasta ya ce kujerun nan har yaushe?"

"Har gobe da safe."

"A goge musu kayan makaranta."

"Ai kai ka ci," in ji Direba.

"Na yafe."

Washegari ƙofar makaranta ta cika fiye da kullum, don Kaka ta yi aikinta tun asuba. Na-Sani ya iso da 'ya'yansa huɗu a jere, yana tafe yana dafa ƙugu. Ya tsaya daidai inda ya tsaya wancan karon. Hedimasta ya fito ya harɗe hannu. Na-Sani ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi gyaran murya. Auta ta ja rigarsa ta ce, "Baba, bi su ɗaya-ɗaya, haka nake yi."

Ya bi su ɗaya-ɗaya. "Ban. Sani. Ba."

"Madalla," in ji Hedimasta. "Ku shiga aji." Ya juya ga Na-Sani ya rage murya. "Af, fankar ofishina ta kwana biyu tana wani kuka. Ko ka san abin da ke damunta?"

Fuskar Na-Sani ta washe, ya riga ya ciro sukudireba daga aljihu. Sai ya tsaya.

"Ta tebur ce ko ta sama?"

"Ta sama. Akwai tsani."

"To a sauko da ita, a aiko mini shago."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don gizo ya riga ni rantsuwa ba, da na ce muku ƙarya na shirga, amma mai shakka ya je ya nemo shaidunsa.